Ciniki Na Tafiya, Uwar Kuɗi Na Ƙarewa

Abin da ya fi karya ƙananan 'yan kasuwa, tun daga mai tebur a bakin Kantin Kwari har mai kantin kayan masarufi a unguwa, galibi ba rashin ciniki ba ne, domin sau da yawa mutum yakan wuni yana sayarwa tun hantsi har almuru, amma ranar da dila ya aiko karɓar kuɗinsa, sai a jawo aljihun tebur a tarar babu ko rabin abin da ake bi.

A ƙaddara mai kanti ya saro buhun sukari a Kasuwar Singa a kan naira 70,000, ya auna shi kwano-kwano har ya tashi a 76,000. A zuci ya ci ribar dubu shida, alhali dubu goma sha biyar na hannun maƙwabta da suka karɓa sai ƙarshen wata, dubu biyar kuma an zara don cefane da gudummawar suna. Sa'ad da ya koma sari, sai ya iske buhu ya hau 75,000, kamar yadda aka sha gani a 2024, shekarar da hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ribar nan ta tabbata a lissafi, amma buhun da zai maye gurbin na farko ya gagara, kuma ta haka uwar kuɗi ke zaizayewa mai ita yana hamdala.

Abin mamaki, maganin ba baƙo ba ne gare mu. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, umarni ce a rubuta bashi da ajalinsa. Fuƙaha'un Malikiyya kuwa sun ɗora wa mai juya haja ya ƙiyasta kayansa da basussukan da yake sa ran karɓa duk shekara domin zakka, abin da ba ya yiwuwa ga wanda ƙwaƙwalwa ce kaɗai littafinsa. Kunyar rubuta sunan maƙwabci, a ganina, ita ce kunya mafi tsada a kasuwa.

Saboda haka, ya kai mai sana'a, yanka wa kanka albashi ka tsaya a kansa, raba asusun kanti da na gida, ka kuma sa farashi bisa sarin gobe, sa'an nan kada ka rufe kanti da dare sai ka rubuta abin da ya shigo, da wanda ya fita, da wanda ke hannun mutane.