Inda Ilimin Mutum Ya Tsaya

Karatu: Irmiya 10:1-5, Luka 13:1-5



A daren 9 ga Janairu, 2001, wata ya yi husufi, ya koma ja. A Maiduguri waɗansu matasa suka ce zunubin mutanen gari ne ya jawo, suka fita suka ƙone otal-otal da gidajen giya.

Masana kimiyya sun san yadda husufi yake faruwa. Duniya ce take shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi. Ɗan hasken ranar da ya ratso iskar da ke kewaye da duniya, shi ke sa wata ya yi ja. Sukan lissafta ranar husufi da sa'arsa tun da sauran shekaru. Mu gode wa Allah wanda ya ba mutum wannan basira. Annabi Irmiya ma ya gargaɗi jama'ar Allah kada alamun sararin sama su firgita su.

Amma ilimin nan yana da iyaka. Kimiyya tana aiki ne da abin da za a iya aunawa, a kuma sake gwadawa. A gidajenmu kuwa, yarinya takan faɗi tana sambatu, a kai ta asibiti, a gwada jini, ba a ga kome ba. Wani lokaci sai daga baya a gano dalili, kamar farfaɗiya wadda yau ake maganinta a asibiti. Wani lokaci kuma likita ya rasa ta cewa.

A nan ne jaraba take. Da likita ya yi shiru, sai mu fara neman mai laifi. Mu ce tsohuwar nan mayya ce, ko maƙwabci ya yi mana sammu. Ta haka zumunci yakan mutu, har a zub da jinin marar laifi. Sa'ad da hasumiyar Siluwam ta faɗi ta kashe mutum 18, Yesu bai yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Masu jinsa ya kira su tuba.

Saboda haka mu kai marar lafiya asibiti, mu kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, mu kuma kame bakinmu daga zargi. Abin da ke ɓoye, mu bar wa Ubangiji wanda ya san shi.

Bari mu yi addu'a: Ya Uba, ka kawar da tsoro daga zukatanmu, ka koya mana jiranka cikin abin da ba mu gane ba. Amin.