Karnen lakkol: mi lambobin yaro suke nufi?

Bayan kompozisiyon, mushe yana ba kowane yaro karne ya kai gida. A ƙauyukan Belbeji da Tanut, uba da yawa abu ɗaya yake tambaya: « Na nawa ka zo? » In yaro ya zo na baya, sai a ce ba shi da kai, a maida shi kiwo. In ɗiya ce, a fara zancen aure.

Ga yadda ake karanta karne. Kowane darasi yana da lamba bisa 10. Ana haɗa lambobin, a raba, sai a samu moyen. Wanda ya samu 5 bisa 10 ya kai rabi. Amma moyen tana ɓoye abu. Yaro ya samu 8 a lissafi, 2 a karatu: moyen ɗinsa 5 ce. Wani ya samu 5 da 5, shi ma 5. Alhali ba matsalarsu ɗaya ba. Sai a duba darasi darasi.

Lambar karne tana auna abin da yaro ya koya, cikin faransanci, a ranar da aka tambaye shi. Basira wani abu ce daban. Yaron Damargu yana shiga aji CI da hausa ko tamajak ko fulatanci a bakinsa. Ya iya ƙidaya awaki 30, ya san wadda ta ɓace. In aka yi masa wannan tambaya da faransanci, sai ya yi shiru. Dalili ke nan da gwamnati ta buɗe lakkol ta gwaji da hausa a Damagaram a shekarar 1973. Kuma binciken PASEC na 2014 ya nuna yara wajen 9 cikin 10 a Nijar suna gama firamare ba su iya karatu sosai ba. Ba dukansu ne daƙiƙai ba!

Lakkol tana buɗewa a watan Oktoba, daidai girbin hatsi. Yaron da ya yi sati 3 a gona, ko ya kwana da masassara, ko ba ya jin magana sosai daga bayan aji, lambarsa za ta faɗi.

Kafin uba ya yanke shawara, ya je wurin mushe da karne a hannu. Ya tambaya wane darasi ne ya gagara, da kwana nawa yaro ya yi fashi. Sa'an nan ya aje wannan karne, ya gwama shi da na kompozisiyon mai zuwa.