TSEREN JAMA'A NA ADIS ABABA: RANAR DA MOTOCI KE BAR WA MASU ƘAFA HANYA

Daga Wakilinmu

Kowace shekara, galibi a wata ranar Lahadi cikin watan Nuwamba, akan rufe manyan titunan Adis Ababa, babban birnin ƙasar Habasha, a hana motoci wucewa, sa'an nan a sakar wa dubun dubatar mutane hanya su yi gudun kilomita 10, watau mil shida da 'yan kai. Sunan wannan tsere Great Ethiopian Run, kuma yana cikin mafi girman tseren titi a nahiyar Afirka. An fara shi a shekarar 2001 da mutum kimanin 10,000, daga baya yawan masu shiga ya yi ta ƙaruwa har ya haura 40,000.

Wanda ya ji an ce tsere a Habasha zai zaci taron gwanaye ne. Gwanayen suna nan kam, amma 'yan ɗaruruwa ne kawai a sahun gaba. Sauran jama'ar duk talakawan gari ne: akawu da tela, malamin makaranta da ɗalibinsa, direba da 'yar kasuwa, tsoho mai furfura da yarinya 'yar sakandare. Ba su zo don kuɗi ba, ba kuma wanda zai buga sunansu a jarida. Amma da za a ɗebe su, da ba a rufe ko lungu ɗaya ba. Su ne masu tseren na ainihi.

ASALIN TSEREN

Habasha ta daɗe da yin suna wajen gudun dogon zango. A 1960 Abebe Bikila, wani soja daga cikin dogaran Sarki Haile Selassie, ya ci tseren famfalaki na wasannin Olamfik a birnin Rum ba takalmi a ƙafarsa, ya kuma sake ci a Tokyo a 1964. Mamo Wolde ya gaje shi a Meziko a 1968. A 1992 kuma Derartu Tulu ta ci lambar zinariya a tseren mita 10,000 a Basalona, ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka da ta sami wannan daraja a Olamfik. Duk da wannan suna, a ƙasashen waje ake yin nasarorin, mutanen gida kuwa sai dai su ji a rediyo.

Wanda ya kawo abin gida shi ne Haile Gebrselassie, zakaran mita 10,000 na Olamfik a 1996 da 2000. An haife shi a 1973 a yankin Arsi, kuma tun yana yaro gudu yake yi zuwa makaranta, tafiyar kimanin kilomita 10, littattafai a hammata, ya kuma dawo da yamma. Bayan nasararsa ta birnin Sidni a 2000, sai ya haɗa kai da waɗansu Turawan Ingila, cikinsu har da Brendan Foster, tsohon ɗan tsere wanda ya kafa babban tseren jama'a na Niyukasil a 1981. Suka shirya na Adis Ababa, Haile da kansa ya shiga na farkon, ya kuma zo na ɗaya.

YADDA RANAR KE KASANCEWA

Mai son shiga yakan biya kuɗin rajista tun da sauran makonni, a ba shi riga mai gajeren hannu. Rigar nan ita ce takardar izninsa, kuma kowace shekara da irin launinta. Saboda haka idan aka taru da sassafe a Dandalin Meskel, inda aka saba tashi, sai ka ga fili ya cika maƙil da tufa iri ɗaya, ba ka iya rarrabe mai gida da yaronsa.

Gwanaye ake fara saki, don kada cunkoso ya tare su. Namijin da zai zo na ɗaya yakan gama cikin minti 28 ko 29, macen kuwa cikin minti talatin da 'yan kai. Matasa da yawa daga nan tauraronsu ya fara haske. Tirunesh Dibaba ta ci na mata a 2003, bayan shekara biyar ta ɗauko zinariya biyu a Olamfik na Beijin. Tsegaye Kebede ya ci na maza a 2007, daga baya ya ci tseren famfalaki na Landan har sau biyu.

A bayan gwanaye kuwa labari dabam ne. Lokacin da na ɗaya ke shan ruwa yana hutawa, na can ƙarshe bai yi nisa da wurin tashi ba. A nan gudu da tafiya da rawa duk sun gauraya. Makaɗa suna gefen hanya, samari suna tafe ƙungiya ƙungiya suna waƙa, ana fesa wa mutane ruwa don su ji sanyi, waɗansu ma sukan ratse su sha gahawa kana su ci gaba. Akwai shekarun da matasa suka yi amfani da taron suka rera koke-kokensu ga mahukunta. Mutum yakan yi sa'a biyu ko fiye kafin ya kai, amma ba mai yi masa dariya, domin lambar da za a rataya masa a wuya shaida ce ta cewa ya gama, ba ta cewa ya riga wani ba.

Masu shirya tseren sun lura cewa mata da yawa suna jin nauyin kutsawa cikin irin wannan cunkoso. Don haka tun 2004 suka ware musu nasu na kilomita 5, wanda akan yi a watan Maris, daidai lokacin bikin ranar mata ta duniya. Yara ma suna da nasu gajeren tseren, kuma akan yi amfani da taron wajen tara gudummawa don marasa galihu.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ko da yake wasa ne da nishaɗi, jiki bai san wasa ba. Kilomita 10 ba abin rainawa ba ne ga mutumin da aikinsa zaman kujera, daga gida sai mota, daga mota sai ofis. Daɗin daɗawa, Adis Ababa tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 2,350 daga bakin teku, watau kusan ninki biyu na tudun Jos. A irin wannan tsawo iska ba ta da kauri, kowane numfashi yana kawo wa jiki ƙasa da abin da ya saba samu a gangare da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Baƙon da ya sauka jiya ya ce zai yi gudu yau, tun bai ci kilomita biyu ba zai ji ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse. Shi ya sa ake shawartar baƙi su iso da sauran kwanaki, su kuma rage saurin da suka saba yi a gida.

Shiri na gari yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Mai farawa ya soma da tafiya mai sauri ta rabin sa'a, sau uku a mako. Sa'an nan ya riƙa haɗa gudu na minti ɗaya ko biyu da tafiya, yana ƙara gudun kaɗan kaɗan, yana barin kwana guda na hutu a tsakani. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: in mutum yana gudu yana iya magana da na kusa da shi, to daidai yake, in magana ta gagara, ya sassauta. Kada a shiga tsere da sabon takalmi, don shi ke kawo bororo a ƙafa. A sha ruwa kafin a tashi da kuma a hanya, kada a cika ciki da abinci mai nauyi da safen.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne wannan: wanda ya ba shekara arba'in baya bai saba motsa jiki ba, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari ko ciwon zuciya, su ga likita tun kafin su fara shiri. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashinsa ya sarƙe a tsakiyar hanya, ya tsaya nan take ya nemi ma'aikatan agaji. Kunyar tsayawa ta sha jefa mutane cikin hatsari a irin waɗannan tarurruka a ƙasashe dabam dabam. Babban kuskuren sababbin shiga kuwa shi ne biye wa zumuɗin taro a kilomita ta farko, ƙarfi ya ƙare tun tafiya ba ta yi rabi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

RIBAR DA KE CIKI

Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar kowane baligi ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, domin rashin yin haka yana cikin abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon sukari, waɗanda ke ta yaɗuwa a biranen Afirka. Wa'azin likita kaɗai bai cika fitar da mutum daga shimfiɗa da asuba ba. Amma wanda ya biya kuɗinsa, ya karɓi rigarsa, ya yi wa abokai alkawari, dole ya tashi. Ribar tseren ba a ranar take ba, tana cikin makonnin nan na shiri, da kuma waɗanda suka ɗanɗana suka ƙi dainawa.

A nan Nijeriya ma an kama hanya, domin tun 2016 Legas take yin nata babban tseren, aka kuma ƙara masa na kilomita 10 don sauran jama'a. Abin da Adis Ababa ta nuna shi ne, irin wannan biki ba ya bukatar ƙaton filin wasa ko kayan aiki masu tsada. Abin da yake bukata shi ne titi, da ruwan sha, da motar asibiti a kusa, da 'yan sanda masu kula da hanya, da kuma hukumar da za ta yarda cewa, ko da sau ɗaya ne a shekara, mai tafiya a ƙasa ma yana da haƙƙi a kan kwalta.