Ɗaga ƙarfe: Abin da ya kamata iyayen 'yan ƙwallo su sani

A unguwannin Jalingo irin su Sabon Gari da Mayo Gwoi da Magami, da wuya a rasa lungun da samari suka zuba siminti a gwangwani biyu, suka haɗa su da bututun ƙarfe, suna ɗagawa safe da yamma. Da yawansu 'yan ƙwallo ne masu burin wata rana su taka leda a filin wasa na Jolly Nyame. Iyaye kuwa sun rabu gida biyu: wasu na hanawa don tsoron kada yaro ya tsumbure, wasu sun zuba ido kawai. A idon mai horar da 'yan wasa, duka biyun akwai gyara, domin atisayen ƙarfafa tsoka shi ne garkuwar ɗan wasa daga rauni, matuƙar an bi ƙa'ida.

Me ya haɗa ƙarfi da ƙwallo?

Duk lokacin da ɗan wasa ya sheƙa da gudu ya ci birki, ko ya yi tsalle ya dira, tsokar cinya da ta kwankwaso da ta sharaɓa ce ke ɗaukar nauyin. Idan ba ta da ƙwari, sai nauyin ya sauka a kan gwiwa da idon sawu, daga nan sai targaɗe ko tsinkewar jijiya. Rauni guda a gwiwa na iya zaunar da yaro wata shida zuwa shekara, ga kuɗin asibiti a wuyan iyaye.

Wannan ne ya sa hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fito da tsarin ɗumama jiki mai suna 11+ a shekarar 2006. Minti 20 yake ɗauka, ba ya kuma buƙatar na'ura. An gwada shi a nan gida Najeriya: wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan matasan ƙungiyoyi 20 na gasar yara ta Legas ya nuna cewa raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi tsarin.

Ɗaya daga cikin atisayen da ke cikinsa shi ne wanda ake kira Nordic. Ɗan wasa zai durƙusa, abokinsa ya danne masa ƙafafu ta baya, shi kuma ya riƙa tafiya gaba sannu a hankali, jikinsa a miƙe, har ya tare ƙasa da hannu. Bincike ya nuna yana rage raunin tsokar bayan cinya da kusan rabi.

Batun tsumburewa

Likitocin yara sun daɗe da tabbatar da cewa atisayen ƙarfi da ake yi bisa kulawa ba ya hana tsayi. Hasali ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki minti 60 a kullum, tare da atisayen ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako. Manya kuma aƙalla kwana 2.

Inda haɗarin yake shi ne gasar nuna bajinta. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi wanda ta nan ƙashi ke ƙara tsawo, kuma bai gama ƙwari ba sai an wuce shekarun balaga. Yaron da ya fizgi simintin da ba wanda ya san nauyinsa, don kawai abokai su tafa masa, zai iya ji wa wannan wuri ko gadon bayansa ciwo.

Don haka a fara da nauyin jiki: tsuguno da miƙewa, danna ƙasa da hannu, hawa da sauka a dakali, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Sai an ƙware sannan a ɗauki nauyin da za a iya ɗagawa sau 8 zuwa 15 ba tare da jiki ya karkace ba. Kwana 2 ko 3 a mako sun isa, a bar kwana guda a tsakani, domin lokacin hutu da barci ne tsoka ke ginuwa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Jalingo ke kan ganiyarsa, a yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa.

Abinci da ƙwaya

Ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara da ƙwai da nono da kifi duk suna gina jiki, ga su kuma a kasuwa.

Abin da ya fi kamata iyaye su sa wa ido shi ne allura da ƙwayoyin kumbura tsoka, waɗanda ake kira sitiroyid. Su ne ainihin masu tsayar da girman ƙashi tun lokaci bai yi ba. Suna lahanta hanta da zuciya, suna kuma rage ƙwayoyin haihuwa na namiji. Haka ma tiramol da wasu ke sha don kashe gajiya: yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da kamu, kuma tun watan Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sikila, ya fara ganin likita kafin ya taɓa ƙarfe, kuma kowa ya guji riƙe numfashi yayin ɗagawa. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma zafi mai suka a gaɓa ko kumburi, a dakata a je asibiti.

Uba ko uwa su daure su leƙa wurin atisayen ɗansu ko 'yarsu ko da sau ɗaya ne. A tambayi mai horarwa yadda yake ɗumama musu jiki, kwana nawa suke hutawa, da kuma wanda ke tsayawa a kansu idan suna ɗaga nauyi. Wanda ya san aikinsa ba zai rasa amsa ba.