Pesnyary: Mawaƙan da suka fito da waƙoƙin ƙauyen Belarus zuwa idon duniya

A zamanin Tarayyar Sobiyet, hukumomi suna yi wa kiɗan rok kallon baƙuwar al'ada daga ƙasashen Yamma, wadda ka iya gurɓata tarbiyyar matasa. Shi ya sa duk ƙungiyar da ke son yin wasa a fili da jita mai amfani da lantarki, sai ta raɓu da wata cibiyar gwamnati, kuma a tantance waƙoƙinta kafin ta hau dandamali. A cikin wannan yanayi ne aka kafa Pesnyary a birnin Minsk na Belarus a shekarar 1969, ƙarƙashin cibiyar kaɗe-kaɗe ta gwamnatin jamhuriyar.

Wanda ya kafa ta, Vladimir Mulyavin, ba ɗan Belarus ba ne. An haife shi a 1941 a Sverdlovsk, birnin Rasha da yanzu ake kira Yekaterinburg, kuma sai a 1963 ya koma Minsk da aiki. A can ne waƙoƙin gargajiyar ƙasar suka shiga ransa, a daidai lokacin da harshen Rashanci ya mamaye birane, har wasu na ganin Belarusanci yaren mutanen karkara ne kawai.

Da farko sunan ƙungiyar Lyavony. A 1970 ta koma Pesnyary, kalmar da ke nufin mawaƙan al'umma, kuma a wannan shekarar ta zo ta biyu a wata gasa ta Tarayyar baki ɗaya da aka yi a Mosko. A 1971 kamfanin faifai na gwamnati, Melodiya, ya fitar da faifanta na farko.

Abin da ya bambanta ta da takwarorinta shi ne inda take samo waƙa. Mulyavin da abokan aikinsa sun riƙa shiga ƙauyuka, musamman na yankin Polesia mai yawan fadama, suna sauraron tsofaffi suna rera waƙoƙin biki, na girbi da na soyayya. Idan sun dawo, sai su ɗora su a kan jita da ganguna na zamani, su haɗa da kayan kiɗan gargajiya, irin su sarewa da tsimbali, wani faffaɗan allo mai tsirkiya da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna. Muryoyin maza da ke hawa bisa juna cikin tsari su ne suka zama tambarinta.

Wannan salo ya yi wa kowane ɓangare rana. Jami'an tantancewa ba su da hujjar hana waƙar da manoma suka gada kaka da kakanni, don haka gargajiya ta zama garkuwar kiɗan zamani. Su kuma tsofaffin waƙoƙin, waɗanda ke neman ɓacewa tare da masu rera su, sai ga su a rediyo da talabijin, matasan da ba sa jin Belarusanci suna haddace su.

A 1976 ƙungiyar ta yi rangadi a Amurka, abin da ba kasafai mawaƙan Sobiyet irinta ke samu ba a lokacin yaƙin cacar baka. Ta kuma shirya dogayen ayyuka a kan baitocin Yanka Kupala, ɗaya daga cikin manyan marubutan Belarus, ciki har da "Guslyar" wanda Igor Luchenok ya tsara wa kiɗa. Sai dai wasu daga cikin waƙoƙinta da suka fi shahara, kamar "Vologda", da Rashanci aka rera su, lamarin da ke nuna yadda ta riƙa tafiya tsakanin harsuna biyu.

Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta rage mata kasuwa da tallafi. A 1998 saɓani ya raba ta, inda wasu daga cikin mawaƙanta, ciki har da Vladislav Misevich da aka kafa ta da shi, suka ɓalle suka kafa Belorusskie Pesnyary. A watan Mayun 2002 Mulyavin ya yi hatsarin mota kusa da Minsk, ya kuma rasu a Mosko ranar 26 ga Janairun 2003.

Tun daga lokacin, ƙungiyoyi fiye da ɗaya ke yin wasa da sunan Pesnyary, kowace na cewa ita ce magajiya, yayin da gwamnatin Belarus ke riƙe da tata. A Minsk kuwa, an sanya wa wani titi sunan Mulyavin, an kuma kafa mutum-mutuminsa kusa da cibiyar da ya yi wa aiki.