Dalilin Tsadar Dabbobin Tagulla Na Birnin Benin

A titin Igun da ke birnin Benin, hedkwatar jihar Edo, duk damisa ko zakaran tagulla da aka kasa don sayarwa, da kakin zuma aka fara siffanta shi. Ya kamata mai son shiga wannan ciniki ya san haka, domin a kan kakin ne farashi yake ƙulluwa.

Maƙeri yakan fara da curin yumɓu, ya lulluɓe shi da kaki, sannan ya fitar da kunnuwa da haƙora da roɗi-roɗin jikin dabbar ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ya sake rufe siffar da yumɓu, ya bar kafa, ya shanya, ya gasa. Zafin wuta yakan narkar da kakin ya tsiyaye, ya bar gurbin da za a zuba narkakkiyar tagulla. Ba a iya fito da dabbar sai an fasa yumɓun. Ke nan kaki ya tafi, mazubi ya tafi, damisa ta biyu kuwa sai an faro ta daga tushe.

Saboda haka sarin guda ɗari ba ya rage kuɗin ƙwadagon kowace ɗaya, saɓanin masana'antar roba inda mazubi guda yake fitar da dubbai. Idan zubi ya ɓaci, ana iya sake narkar da tagullar, amma kwanakin da aka ɓatar a kan kaki ba sa dawowa, kuma asarar takan hau kan farashin sauran. Dillalin da ya matsa wa maƙeri kan ragi, aikin gaggawa zai karɓa.

Tagullar kanta daga tsoffin ƙarafa ake samunta a yau. Ko a da ma ta waje ce: binciken da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa yawancin tagullar tsoffin kayan fadar Benin daga mundayen da aka ƙera a Jamus take.

Waɗancan tsoffin kaya, da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, sun fara dawowa gida: wani zakara daga Cambridge a 2021, guda 119 daga Holand a 2025. Dokar Nijeriya ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, don haka mai kai sabon ƙira ƙasashen waje ya nemi takardar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa kafin ya tunkari jami'an kwastan.