An Cire Kuɗi, Mai Kanti Ya Ce Bai Gani Ba

Tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, mutanen da a da ba sa yarda da komai sai tsabar kuɗi suka koma biya da kati ko tiransfa. Yau har mai tsire yana da lambar asusu manne a jikin teburinsa. Sauƙin bai zo shi kaɗai ba. Ka miƙa kati a kanti, alat ya shigo wayarka an cire kuɗi, mai kanti kuma ya juyo maka da fuskar POS ya ce, "Alhaji, bai shiga ba." Ko yaron shago ya ƙara sifili ɗaya, dubu biyar ta koma dubu hamsin. Kusan kullum amsar da ake ba mai saye ɗaya ce: "Sai dai ka je bankinku."

Wani lokaci gaskiya suka faɗa, wani lokaci kuwa zamewa ce kawai. Abin da zai raba gardama shi ne a san hannun da kuɗin suke.

Idan takardar da na'urar ta fitar ta nuna cinikin bai yi ba, amma an cire maka kuɗi, mai kanti bai ci ko kwabonka ba. Kuɗin sun maƙale ne a hanya, tsakanin bankinka da kamfanin da ke kula da na'urar, don haka ɗaga masa murya ɓata baki ne. Wanda za ka riƙe shi ne bankinka, kuma an yanka masa wa'adi. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware cinikin POS ko na intanet da ya faskara cikin awa 72, maimakon kwana biyar na da. Idan ATM ce ta bankinka ta hana kuɗi, nan take ya kamata su dawo, in kuma na'ura ta gaza, kada a wuce awa 24. Ta wani banki kuwa, awa 48.

Kowa ya san sau da yawa ana tsallake wannan wa'adi, kuma abin da ke ba bankuna dama shi ne yawancinmu da baki muke kai kuka. Rubuta ƙorafinka, ka haɗa da hoton takardar da na alat, ka kuma karɓi lambar bibiya da dole ne banki ya ba ka. Idan mako biyu suka wuce ba a yi komai ba, kana da ikon kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin, kuma abin da za su fara tambaya shi ne shaidar ka riga ka kai wa bankinka. Shi ya sa wannan 'yar takarda da ake dunƙulewa a jefar a bakin kanti take da daraja. Rubutunta ma gogewa yake yi da zafi, gara a ɗauke ta hoto nan take.

Lamarin ya sha bamban idan na'ura ta nuna ciniki ya yi. An zura katinka sau biyu duk sun wuce, ko an buga adadin da ya fi kuɗin kayan: a nan kuɗinka asusun mai kanti suka nufa, shi kuma ya kamata ya mayar. Tura ka banki a irin wannan hali rashin adalci ne, domin shi banki ya ga an sa lambar sirrinka, a wurinsa kai ka amince. Ko da ka shigar da ƙorafi, sai an koma an tambayi mai kantin. Me ya sa wanda bai yi kuskure ba zai bi layi, ya biya kuɗin mota, ya yi asarar yininsa? Nemi manaja, a duba jerin cinikin da ke cikin na'urar, a mayar maka da rarar. Idan sun ce sai kuɗin sun sauka a asusunsu, a rubuta maka alkawarin a bayan rasit, da sa hannu da kwanan wata. Allon nan da ake kafewa na cewa ba a mayar da kuɗi ba ya halatta musu abin da suka karɓa bisa kuskure.

Akwai kuma kuskuren da ba kullum yake zama kuskure ba: farashin kan kanta daban, na wurin biya daban. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana a karɓi abin da ya wuce farashin da aka manna wa kaya. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe kantin Sahad da ke Garki a Abuja na ɗan lokaci bisa wannan zargi. Mutane ƙalilan ne ke karanta rasit kafin su fita, masu manyan kantuna kuma sun san da haka.

A batun tiransfa sai a yi wa 'yan kasuwa uzuri. Alat na bogi ya cuci da yawa daga cikinsu, don haka wanda ya ce ba zai saki kaya ba sai ya gani a asusunsa bai zage ka ba. Kowace tiransfa tana da doguwar lambar shaida a rasit ɗinta, da ita bankinsa zai gano inda kuɗin suka tsaya. Idan gaggawa ta sa ka sake biya da tsaba, karɓi lambar wayarsa da rubutacciyar shaida, don idan na farkon suka sauka daga baya, bashi ne a kansa.

Haka ma idan kuskuren ya faɗo ta wajenka. Yaro ya buga dubu ɗaya da ɗari biyar a maimakon dubu goma sha biyar, ka lura bayan ka isa gida. Wannan ba rabo ba ne. A shari'a da dokar ƙasa duka, mai kanti yana da ikon neman cikon kuɗinsa, kuma a shaguna da yawa daga albashin yaron nan ake cire giɓin a ƙarshen wata.